Tsoron Ƙanjamau Bayan Saduwa: Ina Hattara, Ina Wasiwasi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi wata damuwa ce wadda mai ita kan ji nauyin kai ta gaban malami, ya kuma ji tsoron kai ta gaban likita. Wani Shaiɗan ne ya rinjaye shi ya kusanci wadda ba halalinsa ba. Wata fin ƙarfi aka yi mata. Wata kuwa matar aure ce da ta ji labarin inda mijinta yake zuwa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace musu, ko ƙurji ya fito, ko zazzaɓi ya taso, sai zuciya ta ce ƙanjamau ce.

To, ya ɗan'uwa, wannan tsoro iri biyu ne. Akwai wanda yake da dalili, shi wajibi ne a yi aiki da shi. Akwai kuma wasiwasi, wanda magani nasa shi ne a juya masa baya. Ba a rabe su sai da ilmi.

Ƙwayar da ake kira HIV, wadda masana a birnin Paris suka gano a 1983, tana bin jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nonon uwa. Ba ta bin yawu ko gumi. Saboda haka musafaha, da runguma, da sumba, da cin tuwo a kwano ɗaya, da yin alwala da buta ɗaya, da cizon sauro, duk ba hanyarta ba ce. Wanda abin da ya gudana tsakaninsa da wata bai wuce taɓa jiki ko sumba ba, lalle yana da abin da zai tuba a kansa, amma ba shi da abin da zai ji tsoro a jininsa.

Idan kuwa saduwa ta auku sosai ba tare da kwaroron roba ba, to, haɗari ya samu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a saduwa 10,000 da mai ɗauke da ƙwayar wanda ba ya shan magani, mace kan kamu a wajen 8, namiji a wajen 4. Ta dubura kuwa, wadda shari'a ta haramta ko da tsakanin miji da mata, adadin ya kai 138 ga wanda aka zo wa. Kada wani ya ɗauki ƙanƙantar lissafin nan a matsayin izini. Gyambo ko ciwon sanyi a al'aura yana ƙara haɗarin, kuma akwai waɗanda sau ɗaya tak ya ishe su.

Abin da ya fi gaggawa shi ne kwana 3 na farko. Akwai maganin riga-kafi da likitoci ke kira PEP, wanda ake farawa kafin awa 72 su cika, a sha kullum har kwana 28. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon amfaninsa. Abin takaici, kwanakin nan su ne mutane ke ɓatawa a ɗaki suna kuka da nadama. Nadama sharaɗin tuba ce, babu shakka, amma ana iya yin ta a kan hanyar asibiti. Annabi, mai tsira da amincin Allah, ya yi umurni da neman magani, bai kuwa ware mai zunubi ba. Wadda aka yi wa fyaɗe ba ta da laifi ko kaɗan, iyayenta su kai ta a ranar, kada kunyar unguwa ta cinye mata awoyin nan.

Idan kwana 3 sun wuce, saura gwaji da haƙuri. Alamu ba sa tabbatar da kome. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da wasu ke yi mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, wasu kuma ba sa jin kome shekara da shekaru, ga shi fargaba ita kanta tana hana ci, ta ramar da mutum. Gwajin ma ba ya ganin ƙwayar nan take. Na ɗakin bincike yakan gano ta tsakanin kwana 18 zuwa 45, na ɗigon jinin yatsa kuwa tsakanin kwana 23 zuwa 90. Jira irin wannan ba baƙo ba ne ga Musulmi, wanda ya san idda da istibra'i, inda shari'a ta sa a dakata har abin da yake ɓoye ya bayyana.

A cikin kwanakin jiran nan ne nauyi mafi girma yake kan mai aure. Malamai sun so wanda Allah Ya rufa wa asiri ya rufa wa kansa, kada ya yi ta shelar zunubinsa. Amma sutura ba ta ba shi damar cutar da iyalinsa ba, domin cutarwa haramun ce a Musulunci. Sai ya ƙaurace wa shimfiɗa, ko ya yi amfani da kwaroron roba, har sakamako ya fito. Mai mata biyu ko uku ya tuna cewa abin da ya kai ɗaki ɗaya yana iya zaga gida duka, har ya kai ga jinjirin da ke shan nono.

In gwajin bayan kwana 90 ya nuna babu, kuma ba a sake komawa ba, magana ta ƙare. Duk abin da ya saura a zuciya wasiwasi ne. Malaman Malikiyya suna da hukuncin mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi a alwala ko salla, kullum sai ta zo masa: sun ce ya yi watsi da ita, don biye mata ke ƙara mata ƙarfi. Haka mai zaga asibitoci yana gwaji na biyar da na shida. Idan abin ya hana shi barci da sana'a, ya nemi likitan da ke duba damuwar zuciya, wannan ma neman magani ne.

In kuma an samu ƙwayar, aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana yanke ƙauna, likitoci ma sun hana. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a Nijeriya, cikinsu har da matan da ba su taɓa sanin kowa ba sai mazajensu, da yaran da aka haifa da ita, don haka jifan mai ƙanjamau da zina zalunci ne. Wanda ya lizimci maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ya ɗore a haka, ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa, kuma mai ciki da ke shan magani galibi lafiyayyen ɗa take haifa. Sai dai a nan sanar da abokin zama ya zama dole, don shi ma a gwada shi, kuma ma'aikatan asibiti suna taimaka wa wanda bakinsa ya yi nauyi.