Kafin ki ce "nauyin baki ne kawai"

A gidajenmu, idan yaro ya cika shekara biyu bai fara magana ba, amsa a shirye take: nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi. Sau da yawa hakan ne, daga baya bakin ya buɗe har ya ishi kowa da surutu. Amma wani lokacin kunne ne ba ya ji, ko wata lalura ce ta ƙwaƙwalwa, kuma watannin da aka kwashe ana jira su ne waɗanda taimako ya fi yin tasiri a cikinsu. Ni dai na fi son uwa ta je asibiti a ce mata babu komai, da ta zauna sai ranar sa yaro makaranta.

Fara da tafiya, don ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, kan yara daga Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ya nuna lafiyayyen yaro kan fara tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 zuwa kusan wata 18. Don haka idan ɗan maƙwabciya ya miƙe a wata 10, naki yana rarrafe a wata 13, ki kwantar da hankalinki. In ya wuce wata 18 bai taka ba, a kai shi. Bakwaini kuma ana yi masa rangwame: wanda aka haifa saura wata biyu, in ya cika shekara, a lissafa shi ɗan wata 10.

Magana ce ta fi buƙatar sa ido. Ɗan shekara ɗaya ya kamata ya juyo in an kira sunansa, ya yi gwaranci, ya ɗaga hannu in za ki fita. A wata 18 yana ƙoƙarin faɗin kalmomi uku ko fiye bayan Mama da Baba, yana nuna miki abu da yatsa don ki gani tare da shi. Wannan nunin, mutane ba su ɗauke shi komai ba, alhali likitoci suna ba shi muhimmanci sosai. Yaron da ya ga akuya ya nuna ta, ya waiwayo ya kalli fuskarki, ya riga ya fara hira. A shekara biyu yana haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Baba tafi". A Abuja yaro kan tashi yana jin Hausa a ɗaki, Gbagyi ko Turanci a tsakar gida. Jin harsuna da yawa ba ya hana magana. Ki haɗa kalmominsa na duk harsunan ki ƙirga.

Akwai abin da ba a jira a kansa ko na mako ɗaya: yaro ya iya abu sannan ya daina. Yana cewa Mama ya bari, yana kallon ido ya koma kau da kai. Haka nan yaron da bai yi kuka ba da aka haife shi, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko jijjiga, a gwada jinsa a asibiti ko da yana firgita in an buga ƙofa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Ranar rigakafin ƙyanda, a wata 9 da wata 15, dama ce da take hannunki. Kada ki tsaya ga allura da awon nauyi. Ki rubuta abin da ya dame ki a takarda, ki ɗauki ɗan bidiyonsa yana wasa a gida, domin yara kan ƙi motsi a gaban baƙo. In ma'aikaciyar cibiyar lafiya ta unguwa ta ga alama, ki nemi takardar tura ki wurin likitan yara a babban asibiti irin na Kubwa, Wuse, Maitama ko Asokoro. Daga can ana iya tura ki Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Akwai kuma tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, na yara 'yan wata 16 zuwa 30, masu gano alamun otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga. Ki tambaya a yi masa.

A gida, a rage ba shi waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da zaman kallo ga yaron da bai kai shekara biyu ba, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ki riƙa yi masa magana kina wanke-wanke, kina goye da shi, ki faɗa masa sunan abin da ya nuna.

Maigida, kai ma da kai ake. In matarka ta ce ta ga wani abu a jikin yaron, ka ba ta kuɗin mota, ko ka kai su da kanka.