Filin Shawara: Na ɓoye makullin mota ranar ƙura, maigida ya ɗauke mini wuta

Maigidana yana da Hilux, kuma babu abin da yake so kamar ya shiga jeji da abokansa su yi ta hawa tuddan yashi. Asabar ɗin da ta wuce sun shirya zuwa Tulo-Tulowa, sai gari ya waye da iska mai ƙarfi, hazo ya rufe ko'ina, ko bishiyar ƙofar gida da ƙyar ake gani. Ga shi yana da asma. Na yi ta roƙo ya ƙi ji, sai na ɓoye makullin. Ya wuni a gida ko abinci bai ci ba, kuma har yau daga gaisuwa ba ƙari. Ya ce na kunyata shi a gaban abokai. Anti, na yi laifi ne?

Mai neman mafita, Gashuwa

'Yata, tsoron da kika ji yana kan hanya. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Wannan ƙurar ce takan hana jirgin sama sauka a Kano, balle mota a cikin tuddan Tulo-Tulowa da ke Yusufari, dab da iyakar Nijar. A can ba kwalta ba alama, sawun taya direba yake bi, iska kuwa ba ta daɗewa take shafe shi. Wanda ba ya ganin gabansa ba zai san inda tudu ya yanke ba, sai dai ya ji mota ta kafe ko ta kife. Ƙurar tana toshe matatar iskar inji, sabis ɗin waya ba tabbas, asibiti kuma da nisa idan asma ta tashi. Zaman gida a irin wannan rana hankali ne, ba ragwanci ba.

Amma ɓoye makulli kuskure ne. Kin tsare lafiyarsa, kin taɓa girmansa, shi ya sa bai ga alherin ba. Da kin kira yayansa ko babban amininsa sun yi masa magana, da ya fasa da kansa ba tare da jin an ƙware shi ba.

Ki nemi lokacin da ya natsu, ki ba shi haƙuri kan makullin ba tare da kare kai ba, sannan ki gaya masa tsoron rasa shi ne ya sa ki. Ku yi yarjejeniya: kafin kowace tafiya a duba hasashen hukumar NiMet, in an ce akwai ƙura mai yawa a ɗaga. Ranar da za su tafi kuma, kada su kasa mota biyu, da isasshen ruwa, da shebur, da igiyar ja, da maganin shaƙarsa a aljihu.

In irin ranar ta sake zagayowa, kada ki bar shi ya wuni shi kaɗai yana huci. Ki ce ya gayyato abokan gida, a rufe tagogi, ki dama kunun tsamiya, ki yi farfesu, a ɗora shayi, su yi hirarsu su tsara wata ranar.

Ku kuma magidanta, idan iyali suka ce a dakata, a saurare su. Tuddan Tulo-Tulowa suna nan ba inda za su, rai kuwa guda ne. Allah Ya daidaita tsakaninku, 'yata.