Muryar Baba Ta Yi Ƙasa

Tambaya: Mahaifina yana fama da cutar Parkinson, hannunsa na rawa. Yanzu muryarsa ta yi ƙasa, ko sallamarsa ba ma ji sosai, shi kuwa ya ce mu ne kurame. Yaya zan yi?
Wata baiwar Allah, Jambutu, Garwa.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ba gardama yake yi ba. Cutar tana rage kuzarin naman maƙogwaro da na ƙirji, sannan shi a jinsa da ƙarfi yake magana.

Ki kai shi Asibitin Yanki na Garwa likita ya sake duba magungunansa, ki kuma nemi a haɗa ku da mai horar da magana, wanda ake kira ortofonis. Akwai tsarin LSVT LOUD da aka fara a Amurka: zama 16 cikin mako 4, awa ɗaya kowanne. In babu mai yi a kusa, ki tambayi likita inda za a samu.

A gida kuwa, kullum bayan magani ya fara aiki, ya zauna a miƙe, ya cika ƙirjinsa da iska, ya ja "aaa" da ƙarfi kamar sau goma, ba tare da ƙwala ihu ba. Sannan ya yi karatunsa da babbar murya, kamar yana kiran wani a zaure. Ku kashe rediyo in yana magana, kuma don Allah kada ku ƙarasa masa zance.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwarewa. Idan yana tari wajen shan ruwa ko kunu, ki sanar da likita nan take, domin abinci na iya faɗawa huhu. Kada kuma a ajiye maganin asibiti saboda wani jiƙo.