Fitilar LED Haɗin Gida: Yadda Ake Zaɓen Direba da Ƙarfin Wuta

Gabatarwa

A Kausani da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Wudil, fitilar LED ta kusa kore aci-balbal da fitilar ƙwai. Da ita mai shayi yake haska teburinsa, da ita kuma ɗalibi yake bitar jarrabawa bayan sallar isha'i. Samari da dama kan sayo ƙwayayen LED a kasuwar Sabon Gari ta Kano, su haɗa fitilar da kansu. Sai dai sau da yawa fitilar kan yi haske tar a daren farko, amma kafin wata ya zagayo ta dusashe ko ta ƙone, kuɗi ya tafi a banza. Akan ɗora laifin a kan ƙwan, alhali kuwa kuskuren yana wajen lissafi. Wannan darasi zai nuna yadda ake yin lissafin.

Asalin ƙwan LED

Nick Holonyak ne ya ƙera jan ƙwan LED a Amurka a shekarar 1962. Shuɗin kuwa ya gagari masana har farkon shekarun 1990, lokacin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura na ƙasar Japan suka ci nasara, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin ƙwan da ake gani a kasuwa shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa, haɗuwar launukan biyu ta ba da farin haske.

Turi da kwarara

Duk wanda ya taɓa ganin injin ban-ruwa a bakin kogin Wudil zai fahimci ma'aunai ukun da ake bukata. Ƙarfin da injin yake tura ruwa da shi a cikin tiyo shi ne kwatankwacin turin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da yake fita ta bakin tiyon shi ne kwatankwacin kwararar lantarki, wadda ake aunawa da amfiya. Amfiya ɗaya kuma miliamfiya 1,000 ce. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato yawan wutar da fitila take ci.

Farin ƙwan LED yana bukatar kimanin bolt 3.2 ya yi aiki. Halinsa shi ne, da zarar turi ya ɗan haura haka, sai kwarara ta yi tsalle. Wani abin kuma, idan ƙwan ya yi zafi, turin da yake bukata yakan ragu, sai ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, har ya ƙone. Saboda haka kwarara ce abin tsarewa. Ƙaramin ƙwai mai milimita 5 yana ɗaukar miliamfiya 20; mai wat 1 yana ɗaukar kimanin 350; mai wat 3 kuwa kimanin 700.

Hanya ta farko: rasista

Rasista ɗan ƙaramin abu ne mai rage gudun wuta, kamar yadda ake matse bakin tiyo don kada ruwa ya kwashe shuka. Ana lissafinsa da dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827. Alal misali, a ce ɗalibi yana da batir mai bolt 12 da ƙananan ƙwayaye uku a jere. Ƙwayayen za su ci bolt 9.6, saura 2.4. Idan aka raba 2.4 da amfiya 0.02, za a sami om 120. Wannan shi ne rasistan da ya dace.

To amma batir ba ya tsayawa a bolt 12. Idan farantin sola yana cajinsa da rana, yakan kai bolt 14.4. A nan saura ya zama 4.8, kwarara kuma ta doshi ninki biyu na abin da ƙwan zai iya jurewa. Wannan na daga cikin dalilan da suke kashe fitilun haɗin gida.

Hanya ta biyu: direba

Direba, kamar yadda masu gyaran kayan lantarki suke kiransa, na'ura ce da take riƙe kwarara a ma'auni ɗaya ko turi ya hau ko ya sauka. Sunan ya dace, domin aikinsa kamar na direban mota ne da yake riƙe gudu ɗaya a hawa da gangara. Manyan ƙwayaye masu wat 1 zuwa sama su ne suka fi bukatarsa. Abubuwa uku ake dubawa a jikinsa.

Na farko, kwararar da yake bayarwa. Kada ta wuce abin da ƙwan yake ɗauka. Direba mai miliamfiya 700 zai halaka ƙwai mai wat 1.

Na biyu, iyakar turin da yake fitarwa. Idan an rubuta bolt 12 zuwa 24, to ƙwayaye huɗu zuwa bakwai zai ɗauka a jere, domin huɗu suna cin bolt 12.8, bakwai kuma 22.4.

Na uku, irin wutar da yake karɓa. Akwai na batir, akwai na wutar gari mai bolt 230. Wutar gari tana kisa, don haka ɗalibi ya tsaya a kan na batir, sai dai idan malami yana tare da shi.

Ya kamata a jera ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, domin kowane ya sami kwarara iri ɗaya. Idan aka raba direba mai miliamfiya 700 ga layi biyu, ranar da layi ɗaya ya mutu, ɗayan zai kwashi wutar duka, shi ma ya bi sahu.

Wat nawa ya isa?

Ƙwayaye uku masu wat 1 a jere suna cin bolt 9.6 sau amfiya 0.35, wato kimanin wat 3.4. Idan aka haɗa da ɗan abin da direba yake ci, a ce wat 4. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 7Ah a jikinsa yana ɗauke da wutar da za ta riƙe wat 84 na awa ɗaya. Batirin dalma ya fi daɗewa idan ba a zuƙe fiye da rabinsa ba, wato 42. Idan aka raba 42 da 4, fitilar za ta yi kimanin awa 10.

Yawan wuta ba shi ne yawan haske ba. Idan aka ninka kwarara, hasken ba ya cika ninki biyu, zafi ne yake ƙaruwa sosai. A ƙasar Kano, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, gara a ba ƙwai mai wat 3 miliamfiya 500 maimakon 700, a kuma ɗaure shi a kan faffaɗan alminiyam mai kwashe zafi. Idan yatsa ya kasa jure taɓa alminiyam ɗin, to a rage wuta ko a ƙara faɗinsa.

Wannan lissafi bai tsaya ga fitilar karatu ba. A Turai da Amurka akwai masu kiwon murjani mai rai, irin na Bahar Maliya, a cikin akwatin gilashi. Murjanin yana rayuwa ne da taimakon wasu ƙananan tsirrai da suke jikinsa masu bukatar haske, don haka masu kiwon kan haɗa shuɗin ƙwai da fari, su ba kowane layi direbansa. Dokar Ohm ɗin da suke bi ita ce ɗalibin Kausani zai bi.

Aikin aji

Malami zai iya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni ƙananan ƙwayaye uku da rasista mai om 120 da batir da mitar awo. Su auna kwarara lokacin da batir ya cika, su sake aunawa bayan ya yi sanyi, su rubuta bambancin. Daga nan su amsa wannan tambaya: ƙwayaye nawa direba mai bolt 18 zuwa 36 zai ɗauka a jere?