Amsoshin Tambayoyinku: Takalmin Aiki Ga Nas Mai Ciwon Ƙafa

Wata ma'aikaciyar jinya daga Maiyama ta tambaya ko takalmi mara tudu, mai siririn ƙasa, zai rage mata ciwon diddige. Ta ce ciwon ya fi tsananta idan ta sauko daga gado da asuba.

To, Malama, sannu da aiki. Yawanci irin wannan ciwon daga jijiyar da ta miƙe daga diddige zuwa yatsu yake, tsayuwa a kan siminti ce ke wahalar da ita. Amfanin takalmin da kike magana a kai shi ne faɗin gabansa, yatsu su sake. Amma ƙafar da ke ciwo, kuma ta saba da tudu, idan kika raba ta da shi rana ɗaya ciwon ƙaruwa zai yi, har agara ta ɗauka. Ki fara sa sabon takalmin na awa ɗaya ko biyu a gida, ki riƙa ƙarawa cikin makonni.

Idan kin shiga kasuwar Jega, ki gwada takalmin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki bar tazarar babban yatsan hannu a gaba. Ya zama rufaffe saboda allura da jini, ƙasansa kuma ba ya santsi. Silifas dai a bar shi a gida.

Mun san Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma wannan ba karaya ba ce. Idan ciwon ya ƙi lafawa, ko kina jin ƙafar tana mutuwa, musamman in akwai ciwon suga, ki ga likita.