Hoto a Matsayin Yabo: Nazari a kan Ayyukan Slim Aarons

1.0 Gabatarwa

Masana adabi sun daɗe da nuna cewa mawaƙin yabo yakan zaɓi abin da zai faɗa game da ubangidansa, ya kuma kau da kai daga abin da zai rage masa daraja. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa mai ɗaukar hoto ma yakan bi wannan hanya. An ɗauki ayyukan Slim Aarons, Ba'amurke da ya rayu daga 1916 zuwa 2006, a matsayin misali.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

Aarons ya fara ne da ɗaukar hotunan fagen fama a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya yi wa mujallar sojan Amurka mai suna Yank aiki, har ma ya sami rauni. Bayan yaƙi sai ya juya wa wannan fage baya, ya koma bin attajirai da taurarin silima a wuraren shaƙatawarsu na Amurka da Turai. Mujallu irin su Life da Holiday da Town & Country ne suka riƙa buga hotunansa. A 1974 ya tattara wasu a littafinsa A Wonderful Time, sa'an nan kamfanin Getty Images ya sayi taskar hotunansa a 1997.

3.0 Sigogin Hotunan

A hotonsa na 1957 an ga Clark Gable da Van Heflin da Gary Cooper da James Stewart suna ƙyaƙyata dariya cikin kayan alfarma, a gidan cin abinci na Romanoff. Wanda ya fi shahara kuwa shi ne Poolside Gossip na 1970, watau hira a bakin tafkin wanka. An ɗauke shi a wani gida a Palm Springs ta Jihar Kalifoniya, wanda Richard Neutra ya zana a 1946. Mata biyu na zaune suna hira, ga ruwa garau, ga duwatsu daga nesa.

Abin lura a nan shi ne abin da ba a nuna ba. Tafki a tsakiyar hamada ba ya cika kansa, ciyawa kuma ba ta yin kore sai da mai ban ruwa, amma babu ma'aikaci ko ɗaya a hoton. Haka kuma a shekarar da aka ɗauke shi, samarin Amurka na mutuwa a Yaƙin Biyetnam.

4.0 Kammalawa

Ke nan hoton Aarons bai yi ƙarya ba, domin mutanen da gidajen duk na gaske ne. Sai dai gaskiya ce da aka tace, kamar yadda maroƙi ke tace tarihin mai gidansa. Saboda haka wajibi ne mai nazarin tarihi da zai kafa hujja da irin waɗannan hotuna ya tambayi wanda aka bari a waje, kafin ya yarda cewa haka zamanin yake.