Darasi na 14: Mazaunin Inji

Jama'a, kowa a Nahuce ya san ƙarar injin niƙa. Amma wa ya taɓa dafa shi sa'ad da yake aiki? Wanda ya dafa zai ji yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Wani injin gas yakan juya fiye da sau 2,000 a minti ɗaya. Wannan karkarwa sai ta sami wurin zuwa. In ba ta samu ba, sai ta kwance noti, ta fasa siminti, ta ci boris.

Bara na ga wani mutum a wani ƙauye kusa da Bunguɗu. Ya ci bashi ya sayi inji, ya ɗaure shi a kan siminti, ƙarfe bisa dutse, ba kome a tsakani. Kafin kaka daɓen ya tsage, injin ya karkace. Mata suka koma ɗaukar hatsi zuwa wani gari, bashi kuwa yana nan.

To, maganin abin shi ne roba. Ana sa ta ƙarƙashin ƙafafun inji huɗu, ita ce ke shanye karkarwa. Amma ba kowace roba ba. In ta cika laushi, inji zai yi ta rawa, bel ya riƙa zamewa. In ta cika tauri, daidai take da babu. Saboda haka in za ka saya a Gusau, faɗa wa mai kanti nauyin injinka, kada ka zaɓa da ido. Waɗansu sukan yanka tsohuwar taya su sa. Ba laifi, ya fi babu, muddin kaurin huɗun ya zama ɗaya. Ku lura kuma, baƙin mai yana ruɓar da roba. A riƙa gogewa.

Akwai roba ta biyu. Wani injin ba bel gare shi ba, sandarsa ce ake haɗawa kai tsaye da sandar famfon ban ruwa. A mahaɗin nan ma akan sa roba. Haka ake yi wa jirgin ruwa mai inji a ciki, irin na manyan koguna kamar Kwara: roba tsakanin inji da sandar farfela, roba kuma ƙarƙashin inji, don kada karkarwa ta buɗe katakon jirgi ruwa ya shiga.

Ga inda mutane da yawa suke kuskure. Suna tsammani roba tana gyara karkata. Ba ta gyarawa, ɓoye ta take yi, har ran da za ta tsage. Sai an daidaita tukuna. In bel ne, ja zare a gefen fuli biyu, zaren ya taɓa su duka sosai. In sanda ce, kashe inji, juya ta da hannu, ka duba ratar mahaɗi sama da ƙasa, dama da hagu. In ratar sama da ta ƙasa ba ɗaya ba ce, a ɗaga ƙafar inji da ɗan siririn ƙarfe har su daidaita; in ta dama da ta hagu ce, a gusa injin gefe.

Sabuwar roba takan lotsa kaɗan bayan 'yan makonni. A sake ɗaure noti, a sake jan zare.

Tambayoyi
1. Me ya sa ba a son roba mai laushi ƙwarai?
2. Yaya ake gane fuli biyu sun daidaita?
3. Rubuta waɗannan a allonka: inji, roba, noti, zare.